Gonata Tana Cikin Teku

"Sirin, karkata hagu! Shinge ne a gabanki!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta gyara baƙin tabarau, ta ƙara wa inji wuta.

"Shinge a teku? Su Olfa manya! Busassun itatuwa ne kawai."

Ƙaras... ƙaras... ƙaras!

Ina ji ina gani jirgin ya kutsa cikin shingen rassan dabino kamar shanu sun faɗa gonar gero, sannan cikinsa ya caki laka ya tsaya cak. Tukunyar miyar da na ɗora ta kife a kicin.

Tun daga tashar garin Munastir nake haɗiyar takaici a jirgin nan. Ziyad, wanda aka yi mana baiko, shi ne ya lallaɓe ni: "Habibti, masoyiyata, hutu ne fa. Mu bi gaɓa har tsibirin Jarba, Ummina ta saba da ke, mu ratse tsibirinku Karkana su gaisa da Babanki."

Hutu! Ni ce wanke-wanke da ruwan gishiri, ni ce girki a murhu mai rawa, ni ce riƙe wa mahaifiyarsa Lalla Najiba bokiti in jiri ya kwashe ta. Ruwan daɗi da kofi ake auna mini, amma Sirin, 'yar ƙanwarta da take so ya aura, kullum da shi take wanke gashi. Lalla kuwa da ta ji sauƙi sai gori:

"Mu a Safakus ba ma ɗauko macen da gidansu babu ko itacen zaitun ɗaya."

Shi kuma gogan nawa sai ya sunkuyar da kai yana ɓare lemo.

Yanzu ma da gudu ya fito daga wajen inji, hannu duk baƙin mai. Lalla ta leƙa ruwa, ta yatsine fuska.

"Ba wanda ya gan mu. Da ruwa ya dawo, jirgi ya taso, mu wuce. Ai teku na Allah ne."

"Zaitun ɗinku ma na Allah ne, Lalla, amma kun kewaye shi da waya."

"Iye! Ni kike mayar wa magana?"

"Gonata ce kuka taka!"

Sirin ta tuntsire da dariya. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, masu zafi. Mu a Karkana ruwa muke gada kamar yadda wasu ke gadon ƙasa, kowane gida ya san iyakarsa. Wannan yankin mahaifiyata ce ta bar mini. Baba, da ciwon bayansa, shi ya kafa rassan nan ɗaya bayan ɗaya a cikin laka, don in ruwa ya janye kifi ya bi shingen ya faɗa kwanduna. Abincinmu na shekara ke nan Sirin ta bi ta kai. Kuma da safen nan da bakina na nuna mata wurin, har na ce nawa ne.

"Ziyad, yi magana."

"Olfa... ki bari mu isa tasha tukuna, sai a..."

"Sai a me?"

Ya dubi uwarsa. Ya dubi ƙafarsa.

Wallahi wannan kallon ya fi karayar rassan yi mini ciwo.

Na zare zoben baikona, na ajiye a kan farantin lemonsa.

"Ga shi. Ka sa wa mai wanke gashi."

Na ɗaure siket na dira cikin ruwa. Iya ƙirjina ya tsaya. Na shiga lalubo rassan da suka kwanta, ina tayarwa ina dannawa a laka, ina kuka ina zagin kaina. Wa ya aike ni? Kifi ya ga koto ya manta da ƙugiya.

Rana ta karkata, ruwa ya soma dawowa. Na ji inji ya tashi a bayana. Ban waiga ba. Sai muryar Lalla:

"Ziyad! In ka sauka ban yafe ba!"

Tsulum!

Sai ga mutum kusa da ni, da rigarsa ta birni, yana haki.

"Nuna mini yadda ake yi."

"Jirginku zai tafi."

"Ya tafi."

"Ummi fa?"

"Gobe zan je in durƙusa mata. Yau a nan na yi laifi, ruhina."

"Kar ka ce mini ruhina! Gindin reshen ake cakawa, ba kan ba!"

Jirgin ya tafi da gaske, Sirin tana ɗaga murya, iska tana kwashewa. Muna nan har kwalekwalen Baba ya ɓullo. Ya kashe inji, ya daɗe yana duban ɓarnar. Sannan ya juyo gare mu.

"Wa ya yi wannan?"

Na buɗe baki in ce Sirin, Ziyad ya riga ni.

"Mu ne, Ammi," ya ce, wato baffa.

"Wannan karkataccen layin da aka sake kafawa kuma fa?"

"Ni ne."

"To ba inda za ka sai ka miƙe shi."

Bai je ko'ina ba, sai zuwan da ya yi don ba wa uwarsa haƙuri, ya dawo. Tafukansa suka yi kanta, wuyansa ya saɓule, mutanen tsibiri suka sa masa suna Mai-karkace. Sai da kifin farko ya faɗa kwando na yarda ya mayar mini da zoben. Da ma a aljihunsa ya diro da shi.

Ranar ɗaurin aure Lalla Najiba ta zo, fuska a murtuke, ba Sirin. Sirin kam har gobe ban yafe mata ba, kuma ba na jin zan yi.

Aka kawo kuskus da kifi. Lalla ta ci, ta tsotse ƙaya, ta miƙa faranti a ƙara mata. Can ta tambaya, ba tare da ta dube ni ba:

"Wannan kifin daga wace kasuwa?"

Na zuba mata wani babba, na tura gabanta.

"Daga gonata ne, Ummi."