Katin Mataimaki

Ƙarfe bakwai da rabi na safe aka kira Sufeto: an kashe Farfesa a ɗakin gwaje-gwajen nukiliya, inda ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki.

Sufeto ya ga gawa iri-iri, amma wannan sai da ta sa ya kau da kai. An rotsa ƙeyar tsohon da bulon dalma, irin wanda suke jerawa don tare tururin nukiliya. Jini ya fallatsa har kan allo, gilashinsa ya karye gida biyu, farcensa uku sun ɓalle wajen kokawa.

"Mun gama, yallaɓai," in ji Saje yana washe baki. "Mai shara ne. Da jini a hannu muka same shi, yanzu yana caji ofis."

"Me ya ce?"

"Wai ɗaga shi ya yi ya gani ko da sauran numfashi. Zai faɗi gaskiya, a bar ni da shi."

Sufeto ya san ma'anar a bar Saje da mutum, kuma ba ya ƙaunarta ko kaɗan. Ya hana shi taɓa tsohon mai sharar, Saje ya sara masa, ya fice da sauri kamar mai jin yunwa.

Malama mai auna tururi, wadda tsaron ɗakin ke hannunta, ta shigo da na'urarta. Ta tsaya gaban wata tukunyar dalma da ta lotse a gefe, fuskarta ta canja.

"Wannan ta faɗi. Ƙwayar nukiliyar da ke ciki ta fito, an mayar, an rufe." Ta nuna wani dogon awartaki, mariƙinsa jina-jina. "Da wannan aka ɗauka. Wanda bai san aikin ba da hannu zai ɗauka, ko ya bar ta a ƙasa."

"Su wa suka iya?"

"Ni, da marigayi, da Mataimakinsa."

Sufeto ya tarar da Mataimaki a ofis, sanye da riga mai dogon hannu, idanunsa jawur.

"Ubana ne," ya ce. "Shekara goma sha tara ina ƙarƙashinsa. Rabona da ɗakin gwajin tun wancan watan, rubutu nake yi."

"Ko leƙawa?"

"Ko leƙawa, wallahi."

A bakin ƙofar ɗakin gwajin Sufeto ya lura da wasu ƙananan katuna rataye a ƙusoshi. Malama ta ce kowa yana maƙala nasa a ƙirji kafin ya shiga, katin yana riƙe yawan tururin da ya taɓa mutum, duk farkon wata a sabunta.

"Farfesa ya taɓa korar mutum a kan ya manta da shi," in ji ta. "Yanzu ko barci muke yi, hannunmu zai ɗauka."

"Auna min su duka."

Nata bai nuna komai ba, na mai shara ma haka. Da ta sa na Mataimaki, sai ta dafe ƙirji. Ya sha tururin da ba a samu sai an tsaya kan buɗaɗɗiyar ƙwaya.

Sufeto ya koma ofis ya jefa katin a tebur. "Naɗe hannun rigarka."

Mataimaki ya wawuri kujera ya maka masa a kafaɗa. Sufeto ya shaƙo wuyansa, ya buga fuskarsa da tebur har hanci ya fashe, ya murɗe hannun. Rigar ta yage, ga yakushi nan layi-layi har gwiwar hannu.

"Binciken nawa ne!" Mataimaki ya fashe da kuka. "Shekara bakwai ina yi, ya cire sunana ya sa nasa shi kaɗai. Na roƙe shi, ya ce in gode da ya koya min. Na shirya komai, yallaɓai. Katin nan ban ma san na ɗauka ba."

Aka buga masa ankwa. Da azahar Sufeto ya tura ƙeyarsa cikin caji ofis, Saje ya taro su da takarda a hannu, yana fara'a.

"Yallaɓai, mai shara ya amsa laifinsa. Ga dangwalensa."

Sufeto ya buɗe ɗakin da aka kulle mai shara. Tsohon na kwance a siminti, ido ɗaya a rufe, haƙora biyu a ƙasa.

"Baba, tashi, ka fita. Mun kama mai laifin."

Tsohon ya kare kansa da hannu biyu.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Na ce ni ne. Don Allah kar a ƙara."