Bangon Ɗakin Baya

Ranar da Auta ta fara ganin mai fentin yana kan tsani, fenti har a girarsa. Ita 'yar dillalin gidaje ce, ta zo da makullan gidan da mahaifinta zai sayar karo na huɗu cikin shekara tara.

Gida ne mai kyau a gefen gari: ɗaki uku da falo, bishiyar mangwaro a tsakar gida, makaranta da asibiti duk tafiyar ƙafa. Amma ba wanda ya taɓa cika shekara uku a cikinsa.

"Mai makulli," ya ce, "zo ki dafa bangon ɗakin baya."

Ta dafa. Sanyi ƙalau, a jiƙe kamar jikin randa.

"Sau biyu ina rufe baƙin danshin nan da fenti kafin masu saye su zo. Na farko tari ya addabi yaransu, suka tashi. Na biyu jaririyarsu ta rasu a ɗakin nan." Ya sauko daga tsanin. "Da hannuna na ɓoye shi."

Tausayi ne ya fara shiga zuciyar Auta, so ya biyo baya ba sallama.

"Mai makullina, na faɗa wa Babanki ba zan sake shafa fentin ba. Ya kore ni," ya rubuto mata.

"Ni ban kore ka ba, Mai fentina," ta mayar.

Da ya turo manyansa, Baba ko tabarma bai shimfiɗa musu ba. "Yaron da ya raina sana'ata? Ga ɗan abokina dillali yana sonki, shi za ki aura."

Bayan sati Auta ta tarar da bangon fari fat. Ta yi kuka, ta daina ɗaga wayarsa. Kwana uku sannan ta karanta saƙonsa: "Wallahi ba ni ba ne. Tambayi ɗan abokin Baba wa ya kawo."

Ta tambaya. Ya yi dariya ya ce, "Haka ake sana'ar, 'yammata."

Ranar Asabar masu saye suka zo, miji da mata da jariri a goye. Baba na ta yabon asibiti da kwalta. Matar ta leƙa ɗakin baya ta ce, "Nan zan sa gadon yaro."

Auta ta kama hannun mahaifinta ta ɗora a bangon.

"Baba, faɗa mata da kanka."

Shekara tara yana sayar da gidan, bai taɓa dafa bangon ba. Ya dubi farin fentin da ya manne a tafinsa, ya dubi jaririn.

"Ku je," ya ce. "Ba na sayarwa ba ne."

Shi ya kira Mai fenti da kansa. Suka fasa bangon, suka sami bututun ruwa a tsage, yana tsiyaya tun ranar gini. Gyaran wuni ɗaya ne kacal.

An ɗaura aure bayan wata biyu. Cikin masu zuwa har da uwar jaririyar da ta rasu, Auta ce ta nemo ta. Ango ya durƙusa gabanta yana hawaye.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kama hannun amarya.

"Na yafe. Allah ya ba ku 'ya'ya, ya raya muku su."