Lambar Wanda Bai Hau Ba

Gab da magariba Dakta Namwinga ta koma ɗakin gwaji don ta kashe injin ruwan da ta manta a kunne. Warin farar wuta daga matatar jan ƙarfe ta garin Kitwe yana shigowa ta taga. Dattijon da ke kula da injuna, wanda ake kira Ba Sikazwe, yana ɗaura takalmi a bakin ƙofa.

Shekara tara aikinta ɗaya ne. A narka jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna zirkoniyam, a feso shi kan wili mai gudu, ya daskare kafin ƙwayoyinsa su samu jeruwa. Siririn ziri ke fitowa mai sheƙi, ko an lanƙwasa shi biyu ba ya karyewa, maganaɗisu kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Sai an gasa shi ƙwayoyin suka jeru yake yin gautsi kamar ƙanzo.

Wata bakwai ke nan da ramin haƙar ma’adinai ya rufta da mijinta Kangwa, ba a fito da shi ba. Lambarsa kawai aka miƙo mata, ta jan ƙarfe, irin wadda mahaƙa ke ratayewa a allo in za su sauka, su cire in sun hau. Ba ta yi kuka ba. Tana cin nshima, tuwon masarar garin, tana kai ’yarsu Lubuto makaranta, ba ta jin komai. Da safiyar nan ta jefa lambar cikin tukunyar narka ƙarfen, ita kanta ba ta san dalili ba.

"Dakta, na ga abin da kika yi ɗazu," in ji Ba Sikazwe a hankali. "Karatu naki ne, amma ni ɗan mahaƙi ne. Ba a taɓa lambar wanda bai hau ba."

"Ƙarfe ne kawai, Baba."

Ta shige ciki.

Wani ƙas-ƙas ta fara ji. Allurai ne ke jan ciki a kan tebur. Makullanta suka zame daga hannunta suka manne da zirin da ta feso daga narkin safiyar. Ta tsaya tana kallo. Wannan ƙarfen ba ya haka.

Warin farar wuta ya ɗauke. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin.

Sai numfashi.

"Bana Lubuto."

Muryarsa ce, har da ’yar shaƙewar nan ta mai shan taba. Haka yake kiranta da yarensu, wato Maman Lubuto, in ya dawo daga aiki. Wani abu ya motsa a ƙirjinta, karo na farko cikin wata bakwai. Ta miƙa hannu.

Zirin ya naɗe mata wuyan hannu. Gefensa kamar reza. Ya ja ta ƙasa har gwiwoyinta suka bugi siminti.

Simintin ya yi laushi.

Hannunta ya nutse zuwa gwiwar hannu. Can ƙasa ruwa na ɗiga.

Ba Sikazwe ya shigo da almakashi. Almakashin ya fizge ya manne da zirin. Dattijon ya jawo wutar walda.

"’Yata, in na gasa shi zai farfashe," ya raɗa. "Ba za ki ƙara jin sa ba."

"Bari tukuna."

Ba tsoro take ji ba. So take ya ƙara magana.

"Sauko," in ji muryar. "Akwai wuri."

"Lubuto fa?"

"Kawo ta ita ma."

Kangwa ko bakin ramin bai taɓa yarda yarinyar ta je ba.

"Gasa shi, Baba."

Ya kafa wutar. Sheƙin ya dushe, zirin ya yi toka-toka. Ta ji ƙaurin fatarta. Muryar ta kira ta sau ɗaya, da nisa.

Ƙas.

Ta faɗi da baya. Siminti ya koma siminti, allurai suka zube.

Washegari ta gwada ɓurɓushin da maganaɗisu, bai motsa ba. Ta rubuta hakan a littafin gwaji. Ƙunar ta warke ta bar zobe a hannun, Ba Sikazwe bai ƙara tayar da zancen ba.

Bayan sati uku, tana yi wa Lubuto kitso, yarinyar ta ce, "Mama, kwaikwayi yadda Baba yake kiranki."

Namwinga ta buɗe baki. Kalmomin suna nan. Fuskarsa ma tana nan. Muryar ce ta nema ta rasa, ko alamarta babu.

"Tsaya da kyau," ta ce, ta ci gaba da kitson.