Mai Zane a Bayan Rumfa

Ranar kasuwar Tambuwal Ni'imatu ta fara ganinsa, tsugune a bayan rumfar mahaifinta yana zane a ƙasa da tsinke. Jumare ne, mutumin Kebbe, ya zo hutu daga kwalejin Zariya inda Turawa ke koya masa lissafi.

"Malam, mi kaka zanawa?"

"Layi mai tsinkewa," ya ce. "In layi ya tafi sumul, gangara tai guda ta. Inda yat tsinke, sai a biɗi iyakar hawa daban, iyakar sauka daban."

Ba ta gane ba, amma kowace kasuwa sai ta zagayo. Kafin hutu ya ƙare har ya fara ce mata Ni'imata.

Ɗanmaliki, falken shanu da shi ma yake sonta, ya gaya wa mahaifinta Malam Namadi wai yaron bugun ƙasa yake yi. Malam ya ce ba zai ba boka ɗiyarsa ba.

Jumare ya koma Zariya. Da damina takardarsa ta iso da ajami:

"Ni'imata, kada ki jira ni. Ki yafe mani."

Ta ɗauka wata ya samu. Ta yi kuka har ta rame.

Sai da kaka aka ji gaskiya. Ciwon ido ya kama Jumare, an maido shi Kebbe ba ya gani, karatu ya tsaya.

Ni'imatu ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ka tafi ka gane shi da kanka."

Malam ya hau jaki ya je. Ya samu Jumare a zaure, yatsansa na yawo a ƙasa.

"An ce kana duba. Mi ka zuwa gobe?"

"Allah kaɗai yas sani, Baba. Ni awo nika yi, yanzu ko shi ban gani."

Malam ya gane ƙarya aka yi wa yaron. Sannan ya kama hannunsa ya nemi gafara.

Bayan an gama shigar da gero aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Jumare ya sunkuyar da kai.

"Ni'imata, ba ni da abin ba ki."

"Ka koya mani boko in riƙa karanta maka littafanka. Amma kaina da tauri, sai ka yi haƙuri."

Ya yi dariya, hawaye na zuba. Mahaifiyarsa ta jiyo daga tsakar gida, ta share ido da bakin zane.

"Allah shi ba ku zaman lafiya, ɗiyana."