Hannun Fitilar Yumɓu

Da safe, a ɗakin adana kayayyaki na gidan tarihi, Sabuwa ta ɗaga wata tsohuwar fitilar yumɓu daga mazauninta, sai ta ji ta fi nauyin da hannunta ya saba da shi. Ta kai ta ƙarƙashin haske. Yumɓun sabo ne, toka aka goga masa. An sace ta asali, an ajiye jabu.

Sabuwa, kamar yadda ma'aikata suka laƙaba mata, tana cikin lokacin gwaji, kuma makullin ɗakin yana hannunta.

"Ke ce mai makulli," in ji Shugaba, wadda take jagorantar gidan tarihin. "Idan fitilar ba ta fito ba, ba zan tabbatar da ke a aiki ba."

"Ranki ya daɗe, ai ni na gano satar."

"Hukuma za ta ce kin gano abin da kika sani ne."

Ta haɗiye takaicinta, ta fara da mai gadi.

"Baba, wa ya fita da kaya kwanan nan?"

"'Yata, jakar kowa nake dubawa, ban da ta manya. In kuwa ni kike zargi, ko tulun gidana ba na bambanta shi da na maƙwabta."

Bai taɓa shiga ɗakin adana ba. Ta cire shi daga zargi.

Mai ɗaukar hoton kayayyakin gidan kuwa, da ta tambaye shi, dariya ya yi. "Ni da ba ku barina in taɓa komai? Ke kike ɗora mini su kamar jarirai. Wace fitila ma? Mai gam kamar majina a hannu?"

Bayan ta idar da sallar azahar, maganar ta dawo mata. Tun da daɗewa hannun fitilar asali ya karye, wani ya liƙe shi da gam mai kauri wanda ya zubo ya bushe. Ta sake duba jabun. Karayar tana nan a wurinta, amma haɗin sumul yake.

Ta nemi a kira Malam, mai gyaran kayan tarihi, babban ma'aikacin da yake horar da ita, zuwa ofishin Shugaba.

"Malam, ka koya mini cewa cikon gyara ya kamata ya ɗan fi jikin abu haske, domin na baya su gane inda aka taɓa."

"Haka ne. Ashe kina saurare."

"Haka aka cike hannun wannan jabun. Ɓarawo daga waje zai kwaikwayi abin da ya gani, har da muninsa. Wanda ya yi wannan ya karya hannun domin ya yi kama da na asali, amma da ya zo liƙewa ya kasa yin mummunan aiki. A gidan nan mutum ɗaya ne ya iya irin wannan haɗin, kuma ba a duba jakarsa."

"Yarinya, ki iya bakinki."

"To, ƙila na yi kuskure. Tsohon gyaran ma ai ba shi da laifi."

"Ba shi da laifi? Wancan aikin jahilan? Ko da wuƙa a wuya, hannuna ba zai..."

Shugaba ta cire tabarau ta ajiye.

Kafin la'asar an samo fitilar asali a gidan Malam, naɗe cikin auduga, tana jiran mai saye. Aka dakatar da shi, aka miƙa shi ga 'yan sanda.

"An wanke ki," in ji Shugaba.

"Alhamdulillahi. Batun tabbatar da ni fa, ranki ya daɗe?"

"Doka ta ce sai da shaidar wanda ya horar da ke, shi kuwa kin ga inda yake. Za ki ci gaba da gwaji har a ɗauki wani."

"Yaushe ke nan?"

"Hukuma ba ta zauna a kai ba tukuna. Kafin nan, ki riƙa haɗa aikinsa da naki."