Tabon Lamba

"Tasalla! Sauke hannun rigar nan!"

Muryar mahaifinta ce, Baffa Lauwali, amma ba ta sauke ba. Sai ma ƙara naɗe shi da ta yi har kafaɗa, ta miƙa damtsenta a tsakiyar kasuwar Roni, idon kowa a kanta.

"Malam, yi mini."

Sama'ilu malamin lamba, mai yi wa mutane rigakafin agana, ya ɗago kai. Tun hantsi yake zaune a gindin tsamiya da akwatinsa, an yi shela, an buga ganga, ko mutum ɗaya bai matso ba. Agana kuwa ta gama da ƙauyuka a ƙasar Babura, ta faɗo Gwiwa. 'Yar asibitin En'e, wato hukumar gargajiya, da ke Roni ta cika, har an kafa wa masu ciwon bukkoki a bayan gari.

"Kin tabbata?" ya tambaya a hankali.

"Hannunka ne ke rawa, ba nawa ba."

Ya yi murmushi, ya tsaga fatar kaɗan, ya shafa maganin. Tasalla ba ta ji zafi ba. Abin da ta ji a ƙirjinta yake, kuma ba ta san sunansa ba!

Washegari sai ga shi a ƙofar gidansu, ya durƙusa gaban kakarta Inno, ungozomar da babu gidan da ba ta shiga a Roni.

"Inno, matan aure ba sa fitowa, ni kuma ba ni da ikon shiga. Ki ara mini jikarki in koya mata."

Inno ta dube shi sama da ƙasa.

"Aro fa ka ce, ɗan nan."

Haka aka fara. Shi ya tsaya a zaure da maza, ita da Inno su shige cikin gida. In magani ya ƙare, ya hau kekensa zuwa Kazaure ya ɗauko. In gadaje sun kasa, a shimfiɗa tabarmi. Da la'asar su wanke hannu da ruwan zafi a bakin rijiya, hira ta ƙi ƙarewa.

"Tasallata…" ya ce wata rana.

"Ƙarasa mana!"

"In Allah ya ɗauke mana wannan annoba, zan turo magabatana."

Ta rufe fuska da mayafi, dariya na cin ta.

"To Allah ya ɗauke ta gobe!"

Amma akwai Halliru, dillalin gyaɗa, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidan su Tasalla, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba. Shi ya bi majalisa yana raɗa cewa lamba tana hana haihuwa, wai malamin ma a rigarsa yake yawo da cutar.

Maganar ta shiga kunnen Baffa Lauwali, ta zauna.

"Kada in ƙara ganin yaron nan a ƙofata! Ke kuma kin daina fita!"

"Baffa, ka yi haƙuri, wallahi ƙarya ake…"

"Na gama magana!"

Inno ta fito daga ɗaki tana gyara ɗankwali.

"Zancen aure naka ne, Lauwali. Zancen aiki kuwa nawa ne, don ni na haife ka. Tasalla, ɗauko akwati."

A makon nan aka tura Sama'ilu bukkokin Gwiwa, inda ciwon ya fi tsanani. Ko sallama ba su yi ba. Tasalla ta yi kukanta a bayan rumbu, ta share ido, ta ci gaba da bin gidaje da maganin da ake aiko musu daga asibiti.

Halliru ya ga fili. Ranar Juma'a ya sha babbar riga, ya zo neman aure. Baffa ya tarbe shi da fara'a, ya dafa damtsensa da ƙarfi.

"Wayyo Allah!"

Halliru ya yi tsalle kamar wanda kunama ta harba.

Inno, da ke miƙo ruwa daga bakin zaure, ta ajiye kwanon.

"Buɗe mu gani, ɗan nan."

"Ƙurji ne kawai, Inno…"

"Buɗe!" in ji Baffa.

Ya buɗe. Lamba ce sabuwa fil, ta kumbura ta yi ruwa! Ashe a ɓoye ya je Kazaure aka yi masa.

Baffa ya miƙe.

"Ka tsare kanka, ka bar mu da 'ya'yanmu mu mutu? Fita!"

Halliru ya fita ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Baffa ya kira 'yarsa, ya kasa haɗa ido da ita.

"Uwata… ki yi mini, ki yi wa kowa a gidan nan."

Kafin magariba layin masu son lamba ya kai bakin masallaci.

Da damina ta sauka, ciwon ya ja baya. Baffa da kansa ya ɗaura wa jaki shimfiɗa, ya ce wa Tasalla su tafi Gwiwa. Suna dosar garin Tasalla ta hango hayaƙi ya turnuƙe, bukkokin na ci da wuta!

"Sama'ilu!"

Ta diro daga kan jakin ta kwasa da gudu.

Sai ga shi ya ɓullo daga bayan hayaƙin, ya rame, ya yi baƙi, yana dariya.

"Kwantar da hankalinki, masoyiyata! Mara lafiya na ƙarshe muka sallama yau, ya tafi gida da ƙafarsa. Ƙona su muke yi, an gama!"

Ta durƙushe a wurin, kuka da dariya suka haɗe mata.

Baffa ya ƙaraso yana haki.

"Malam, na zalunce ka. Ka turo manyanka."

Bayan kaka aka shafe asibitin da farar ƙasa, aka ƙara ɗaki guda na mata, aka ɗauki Tasalla aiki a cikinsa. A watan aka ɗaura aure.

Ana tsaka da guɗa, lalle bai gama bushewa a ƙafarta ba, wata mata ta faɗo gidan a guje.

"Maƙwabciyarku Rahamatu ce ke naƙuda, abin ya zo da gardama! Inno ta ce a zo da amarya!"

Ƙawaye suka sa salati. Tasalla ta yaye lulluɓi ta leƙa waje, ta tarar ango ya riga ya juyo da kan keke, ya tattare babbar rigarsa.

"Hau, amarya!"

Ta hau. Makaɗa suka dubi juna, suka saɓa ganguna, suka bi su a baya.