Hancin Auta da Ƙarnin Mai Kifi

“Ki buɗe tagogin nan kafin in shiɗe!”

Gwaggo ce ke faɗa, ta toshe hanci da gefen mayafi, alhali Mai Kifi bai ko kai bakin ƙofar gida ba. Sarai ya ji ta.

“Haba Gwaggo, wanka fa ya yi kafin ya zo,” in ji Auta, idonta ya ciko.

“Ko a kogi ya kwana, ƙarni ba ya barinsa! Ke da hancinki ya mutu, ina za ki sani? Ga mai shagon turare yana ta zarya a kanki, kin maƙale wa mai fere kifi.”

Gaskiya ne hancin ya mutu. Tun wani zazzaɓi da ya kwantar da ita tana yarinya, Auta ba ta ƙara jin ƙamshi ko wari ba. Fure da tsumma duk ɗaya ne a wurinta.

“Ni dai shi nake so...”

“To ji nan, 'yar nan. Ranar da hancinki ya buɗe, kika tsaya gabansa ba ki toshe ba, ni da kaina zan ɗauki kayan aurenki a kai. Kafin nan, babu aure!”

Gwaggo ta faɗi haka ne don ta tabbata ranar ba za ta zo ba.

Sai ga sanarwa a rediyo: jami'a za ta fara gwajin sababbin magunguna a asibitinta, tana neman masu sa kansu. Masu hawan jini, masu ciwon suga, masu asma, masu rashin barci... can a ƙarshe, kamar an manta, aka ce da waɗanda ba sa jin ƙamshi.

Auta ta saki tsintsiya.

Mai Kifi ne ya raka ta. Likitar, wata doguwa mai tabarau, ba ta ɓoye musu komai ba.

“Rukuni biyu ne. Wasu maganin za su riƙa fesawa a hanci, wasu ruwan gishiri kawai. Ke ba za ki san naki ba, ni ma ban sani ba sai an gama. Kuma duk ranar da kika ga dama, kina iya fita.”

“Na yarda, Likita.”

Aka ba ta abin fesawa, da 'yan kwalabe da za ta riƙa sunsuna safe da yamma: lemo, kanumfari, fure, man zafi.

A hanya Auta ta ga fuskarsa ta canza.

“Mai Kifina, lafiya?”

“Lafiya lau, Autata. Allah Ya sa naki maganin ne.”

Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma yana tsoron ranar da za ta ji ƙarninsa.

Mai turare bai zauna ba. Ya je har kasuwa, ya tsaya nesa da teburin kifi, ya ce wa Mai Kifi, “Abokina, shawara ce. Ka janye da mutuncinka tun Auta ba ta yamutsa maka fuska gaban jama'a ba. Wace mace mai hanci ce ta taɓa tsaya maka?”

Babu. Mai Kifi ya san babu. Daga ranar ya ɗauke ƙafa, ko waya ba ya ɗagawa.

Auta ta yi kuka har ta gaji, amma ba ta fasa sunsuna kwalabenta ba. Watanni suka shuɗe, shiru kamar tana sunsunar bango.

Wata safiya ta buɗe kwalbar lemo, sai wani abu siriri ya tsarga mata, kamar an kira sunanta daga nesa.

Ta sake sunsuna.

“Gwaggo! Gwaggo, lemo!”

A daidai lokacin mai turare ya yi sallama, da kyautar kwalba mai ruwan zinariya. Gwaggo ta washe baki. Ya fesa wa Auta a bayan hannu.

Ta ja da baya tana tari.

“Wayyo! Wa yake ƙona taya a gidan nan?”

Dama Likita ta gargaɗe ta: hancin da ke farfaɗowa yakan birkita wasu ƙamshe-ƙamshe na ɗan lokaci. Mai turare bai san wannan ba, ya ɗauki kwalbarsa ya fice fuska a murtuke.

Auta ta yafa mayafi ta fita, Gwaggo na binta tana haki.

Ashe haka titi yake! Burodi mai zafi, hayaƙin mota, jiƙaƙƙiyar ƙasa gaban mai wankin mota, sabulun wata mata da ta gifta. Tana tafe tana dariya ita kaɗai.

Ba ta tambayi kowa hanya ba. Ƙarnin ne ya zo ya tarye ta tun daga bakin kasuwa.

Mai Kifi na sunkuye kan katako, wuƙa a hannu, ƙanƙara na narkewa a ƙafarsa. Da ya ɗago ya gan ta, sai ya ja baya.

“Kar ki matso, Auta. Don Allah.”

Ta matso. Ta ɗauki tsumman da yake goge hannu, ta kai hanci, ta ja numfashi mai tsawo. 'Yan kasuwa suka zuba ido.

“Wallahi kana ƙarni!”

Ya sunkuyar da kai.

“Kana ƙarni, masoyi, kuma ina ji! Ina ji! Shekara da shekaru ina son ka ban san warinka ba. Yau na sani. Wannan ne abin da ka guje ni a kai?”

“Na ji tsoro, zuciyata...”

“Matsoraci! Matsa min in zauna.”

Kasuwa ta kaure da shewa. Wata mai sayar da busasshen kifi ta rangaɗa guɗa.

Auta ta waiwaya, hannayenta biyu a buɗe, nesa da hanci.

“Gwaggo, kin gani?”

Gwaggo ta dube su. Sannan ta sauke mayafi daga hancinta, ta yamutsa fuska.

“Na gani. Kai kuma, ɗan nan, ka sayi sabulu mai ƙarfi. Ba zan ɗauki kaya a kai ina toshe hanci ba, hannu biyu kaya ke so.”

Ranar da Auta ta koma asibiti, Likita ta ce sai an kammala gwajin za a san ko magani ta samu ko ruwan gishiri.

“Ku gama a tsanake, Likita, zan ci gaba da zuwa. Amma ki zo biki. Ba sai an kwatanta miki gidan ba, ki bi hancinki kawai.”